"Tense": fargaba ce ko lokacin aikatau? Fashin baƙi kan kalmar Turanci mai fuska biyu

Me ya haɗa faɗuwar gaba da darasin nahawu? Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai ka ji ɗalibai suna zolayar juna cewa ruwa ba ya tsami banza: ba haka kawai Bature ya raɗa wa darasin nan suna *tenses* ba, tunda babu abin da ke sa mutum *tension* kamarsa. Su ma Turawan suna da nasu barkwancin. Wai jiya da yau da gobe ne suka shiga mashaya tare, sai wurin ya zama *tense*. Da ka mayar da wannan Hausa dariyar ta mutu murus, domin gishirin maganar yana cikin kalmar ne. A Turanci *tense* tana nufin mutum ko wuri yana cikin ɗar-ɗar, kuma ita ce sunan siffar da aikatau ke ɗauka don nuna lokaci.

To shin kalma ɗaya ce ta yi rassa biyu, ko kuwa kalmomi biyu ne suka yi kicibis?

Ina tuna wani malamin Turanci da ya koyar da mu a ƙaramar sakandare. Wata rana wani yaro ya ɗaga hannu ya yi masa irin wannan tambayar. Malam ya ajiye alli, ya kakkaɓe hannu, ya ce ai abin a fili yake: ana kiransa *tense* ne saboda yana ɗaure aikatau a jikin lokaci kamar yadda ake ɗaure akuya a turke. Muka rubuta, har da ja masa layi a ƙasa. Bayanin ya yi daɗin ji kuma ya zauna mini shekaru. Sai dai ba haka abin yake ba.

## Baƙi biyu, hanya biyu

Kalmomi biyu ne, kuma tsakanin isowarsu Turanci akwai kimanin shekara ɗari uku.

Ta nahawu ita ce babba. Asalinta kalmar Latin ce, *tempus*, wato lokaci. Malaman nahawun Latin sun yi amfani da ita wajen rarrabe siffofin aikatau, suna bin sawun Girkawa waɗanda suka yi hakan da tasu kalmar ta lokaci, *khronos*. Yayin da Latin ke rikiɗewa tana zama Faransanci a bakin talakawa, *tempus* ta zaizaye ta koma *tens*. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu hannu da shuni na tsawon ƙarnuka, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. *Tens* tana cikinsu, ana ganinta a rubuce tun ƙarni na 14. Da farko har ma'anar lokaci gaba ɗaya tana da ita, amma ta tarar da 'yar gida, *time*, ta riga ta kama wurin, sai ta ja da baya ta zauna a ɗakin nahawu kaɗai.

A can gida Faransa kuwa, daga baya marubuta suka dawo mata da harafin p don a riƙa tuna asalinta, ta zama *temps*, ko da yake a yau ba a furta p ɗin, ba a furta s ɗin. Bature ne ya riƙe tsohon s a bakinsa. Ɗalibin Zinder ko Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci ya san wannan kalma sarai, kuma ya san ita ma tana da nata rikicin: *temps* lokaci ce, lokacin aikatau ce, kuma ita ce yanayin gari, zafi ko hadari. Amma ba ya rikita ta da fargaba, domin wannan a wurinsa *tendu* ce.

Ta fargaba ƙarama ce. Ta shigo a ƙarni na 17, zamanin da masu ilimi a Ingila ke ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin. Tushenta *tensus*, wato abin da aka ja ya miƙe, daga aikatau *tendere*, a ja ko a miƙar. Da ta zo, ba ruwanta da zuciya ko hankali. Igiya ce ke zama *tense*, ko fata, ko jijiya. Sai a farkon ƙarni na 19 aka fara jinta a kan halin da mutum ke ciki.

Ke nan ɗaya ta biyo ta bakin jama'a ta sha zaizaya, ɗaya an ɗauko ta daga littafi an yanke mata wutsiya, suka wayi gari da rubutu ɗaya da furuci ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne. Shi ya sa idan ka buɗe babban ƙamus na Turanci za ka tarar an ba kowacce gurbinta daban.

## Ana gane su ta dangi

Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a dubi 'yan uwan kowacce. Dangin *tempus* duk maganar lokaci suke yi: *temporary* na wucin gadi, *contemporary* ɗan zamani ɗaya da kai, *tempo* saurin kiɗa ko jinkirinsa.

Dangin *tendere* sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a cikin kowannensu akwai wani abu da ake ja. *Extend* a ƙara tsawo. *Attend* ka miƙa hankalinka ga abu. *Intend* ka miƙa niyyarka. *Tension* ita kanta. *Hypertension*, wanda muke kira hawan jini. Likitan da ya yi karatu da Faransanci ma idan ya ɗaura maka abin awo a damtse, *tension* yake cewa zai auna.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne biyu daga cikin dangin nan sun daɗe da zama Hausawa. Tanti, wanda alhazai ke kwana a ciki a Mina, daga *tent* yake, kuma an kira shi haka ne domin ƙyalle ne da aka ja aka kafe. Sufuritandan 'yan sanda ma daga *superintendent* yake, tushe ɗaya. Duk wanda ya taɓa kafa tanti ya san idan igiya ba ta ɗame ba iska za ta kwashe shi. Wannan ɗamewar ita ce ainihin ma'anar *tense* ta biyu.

Akwai kuma ɗan uwa na nesa ta wajen Girkanci, *tone*, wanda a nazarin Hausa muke kira karin sauti. Asalinsa *tonos*, ɗamewar tsirkiyar abin kiɗa. Dubi makaɗin kalangu a bakin mahauta: ya rataya kalangun a hammata, ya matse igiyoyin da damtse, fatar ta ɗame, murya ta hau, ya sassauta, ta sauko. Da wannan matsewa da sakin yake kiran sunan mutum har mutumin ya waiwayo. Abin da Bagirke ya gani a jikin tsirkiya ke nan ya sa wa hawa da saukar murya suna.

## Kofin kofi

Kada wani ya ɗauka wannan ruɗani na Turanci ne kaɗai. Mu ma muna da shi, sai dai karin sauti da tsawon wasali suna rufa mana asiri a baki. A rubuce, kuka na hawaye da kuka ta miya abu ɗaya ne. Wuya mai ɗauke da kai da wuya ta wahala haka. Gari na mutane da gari na tuwo haka. Bahaushe ba ya rikicewa idan ya ji su, domin kunnensa ya san bambancin, amma baƙo mai koyo daga takarda yakan sha wuya, wadda ba ta saƙala sarƙa ba.

Misalin da ya fi kama da na *tense* shi ne kofi. Akwai kofi na shan ruwa, daga *cup*. Akwai kofi abin sha, daga *coffee*. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba a gidansu, bakinmu ya sassaƙe su har rubutunsu ya zo ɗaya. Idan wani ya tashi ya ce ai an kira kofin ruwa kofi ne saboda a ciki ake shan kofi, zai yi kama da gaskiya, kuma kuskure ne irin na malaminmu mai akuya.

Wannan daban yake da rana ta sama da rana ta kwanan wata, ko wata na sama da wata na kwana talatin. Waɗannan kalma ɗaya ce ma'anarta ta faɗaɗa, kuma kowa na iya ganin zaren da ya haɗa su.

## Me ya sa ɗamewa ta zama fargaba

Kowane harshe yana da hoton da yake zana wa tsoro. Bature ya ga mutum mai zullumi kamar tsirkiyar baka da aka ja, saura kaɗan ta tsinke. Kuma hoton yana da tushe a jiki: idan mutum ya tsorata, naman kafaɗa da na wuya da na muƙamuƙi suna ɗaurewa. Shi ya sa maganinta a Turanci shi ne *relax*, wadda asalinta a sassauta.

Bahaushe ya kalli abin ta wani gefe. A wurinmu gaba ne ke faɗuwa, hankali ne ke tashi, ciki ne ke ɗurar ruwa, jiki ne ke yin sanyi ko ya ɗauki ɓari. Maganinsa kuma hankali ya kwanta. Namu hoton na hawa da sauka ne, nasu na ja da saki. Inda muka ɗan haɗu shi ne tayar da jijiyar wuya, amma wannan a wurinmu ta gardama ce da fushi.

A nan ne aikin masu fassarar labarai yake. *Tense* guda ɗaya tana iya buƙatar Hausa huɗu. Idan gari ne bayan rikici, ana zaman ɗar-ɗar. Idan ƙasashe biyu ne, dangantaka ta yi tsami, ko ana zaman doya da manja. Idan ɗalibi ne a ƙofar ɗakin jarrabawa, yana cikin fargaba. Idan naman jiki ne a asibiti, ya ɗaure ko ya sanƙare. Wanda ya haddace fassara ɗaya ya riƙa liƙa ta ko'ina zai yi ta ɓarin zance. Manhajojin fassara ma sukan yi tuntuɓe a nan idan aka ba su kalmar ita kaɗai ba jimla.

A cikin jimla kuwa raba su ba wuya. Ta nahawu suna ce: tana da jam'i, kuma kusan kullum tana tafe da rakiya irin *past* ko *present*. Ta fargaba sifa ce, tana bayyana mutum ko wuri, wani lokaci kuma ta zama aikatau.

## Inda sunan ya fi cutar ɗalibi

Ni a ganina, haɗuwar kalmomin nan biyu abin nishaɗi ne kawai, ba ta taɓa kayar da kowa jarrabawa ba. Wadda ke kayarwa ita ce ma'anar ta nahawun kanta. Tunda asalinta lokaci, kuma mu ma a darasin Hausa "lokuta" muke cewa, sai yaro ya ɗauka kowace siffar aikatau tana daidai da wani wuri a agogo. Harshe ba ya aiki haka.

A makarantunmu ana koyar da cewa Turanci yana da *tenses* 12: lokuta uku, kowanne da siffa huɗu. Ana zana jadawali a allo, a haddace shi kamar karatun sau. Masana kimiyyar harshe da yawa kuwa suna cewa biyu ne kacal, na yanzu da wanda ya wuce, domin su kaɗai ne ake gani a jikin aikatau ɗin: *walk* da *walked*, *go* da *went*. Babu wata ɗafa-ƙeya da ake liƙa wa aikatau na Turanci ta nuna gobe. Sai an ɗauko *will* an ajiye a gabansa, ita kuwa *will* a tsohon Turanci "so" take nufi, shi ya sa har yau ita ce sunan wasiyya, abin da mamaci ya so a yi. Sauran siffofin jadawalin, a wurin waɗannan masana, ba lokaci suke nunawa ba. Suna nuna yanayin aikin ne: ya kammala, ko yana gudana.

Masu 12 suna da hujjarsu. Malami mai yara tamanin a aji yana bukatar abin da zai rubuta a allo ya kuma yi gwaji a kansa, kuma jadawalin yana aiki. Ban ga laifin koyar da shi ba. Laifin shi ne a bar yaro bai san jadawalin sanda ce ta dogarawa ba. Ranar da ya ci karo da *the train leaves tomorrow*, siffar yanzu tana maganar gobe, sai ya rikice. Ko *if I had money*, siffar jiya tana maganar kuɗin da ba shi da su a yau.

Abin mamaki, yaron nan yana yin irin wannan a Hausa kullum ba tare da ya lura ba. Aikatau na Hausa ba ya ɗauke da alamar lokaci a jikinsa. Ɗan ƙaramin lamirin da ke gabansa ne ke ɗauke da nauyin: sun tafi, suka tafi, suna tafiya, za su tafi, sukan tafi, su tafi. A aji mun kira su shuɗaɗɗen lokaci, lokaci mai ci, lokaci na gaba, sabau, umartau. Amma saurari yadda muke magana. Baƙo ya miƙe yana gyara babbar riga, ƙafarsa ko takalmi ba ta shiga ba, ya ce "To, ni na tafi." Shuɗaɗɗen lokaci ne, alhali yana tsaye a gabanka. "Na gode", "na sani", "na yarda", "na gaji": duk siffar abin da ya wuce, duk halin da ake ciki yanzu. "Jiya da na zo yana barci": lokaci mai ci, a cikin jiya. "Kafin ka iso gobe mun gama": shuɗaɗɗe, a cikin gobe. Abin da lamirin Hausa ya fi damuwa da shi shi ne ko aiki ya kammala ko bai kammala ba. Agogon kuwa kalmomi irin jiya da gobe da ɗazu ne ke riƙe da shi.

Daga nan ne yawancin kurakuran Bahaushe a Turanci ke fitowa, kuma ba daƙiƙanci ba ne. Tunda "yana barci" ba ya canjawa ko jiya ne ko yau, sai ya rubuta *yesterday when I came he is sleeping*. Turanci kuwa ya wajabta a sa alamar jiya a kan aikatau ko da an riga an ambaci jiyan. Tunda "na sani" siffar kammalawa ce, sai ya ce *I knew* inda ake son *I know*. Tunda "ina da mota" ta fara da "ina", sai ta fito *I am having a car*. Malamin da ya nuna wa yara wannan bambanci guda ɗaya, cewa Turanci yana tambayar yaushe, Hausa tana tambayar an gama ko ba a gama ba, ya rage musu rabin jan biron da ke cika takardunsu. Ga wanda shigarsa jami'a ta rataya a kan kiredit a Turanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko "za" ɗin namu ma tafiya ce asalinta. Har yanzu muna cewa "Ina za ka?", a amsa "Za ni kasuwa." Daga zuwa wuri ta koma zuwa ga aiki. Bature ya yi haka da *going to*, Bafaranshe ya yi da *aller*. Almajirin da ya karanta nahawun Larabci a zaure shi ma ya san fi'ili mudari'i yana ɗaukar yanzu da nan gaba duka, sai an sa masa *sa* ko *saufa* ya keɓanta da gaba.

## Maƙwabta biyu: "mood" da "stress"

*Tense* ba ita kaɗai ce ke zirga-zirga tsakanin zuciya da nahawu ba, amma kowacce da labarinta.

*Mood* halin da ran mutum ke ciki ce, fara'a ko ƙunci, kuma a nahawu ita ce ke raba bayani da umarni da fata. Nan ma kalmomi biyu ne. Ta zuciya 'yar asalin Turanci ce, 'yar uwar *Mut* ta Jamusanci mai nufin ƙarfin hali. Ta nahawu daga *mode* take, Latin *modus*, wato salo ko hanya. Bambancinta da *tense* shi ne nan ba tsautsayi ba ne zalla: ta zuciyar ce ta janyo ta nahawun har ta ɗauki kamanninta.

*Stress* kuwa kalma ɗaya ce, irin rana da wata. Tushenta matsi. Injiniya yana amfani da ita ga nauyin da ke kan ƙarfe, malamin furuci ga gaɓar da ake dannawa, kamar yadda *record* ke zama suna idan an danna gaɓar farko, aikatau idan an danna ta biyu. Ma'anar gajiyar rai da matsin rayuwa, wadda ta cika bakin mutane yanzu, ta bazu ne a ƙarni na 20, musamman ta hannun wani likita mai bincike a Kanada, Hans Selye, wanda ya fara wallafa aikinsa a kan lamarin a 1936.

Wani abin dariya: ita ma *tense* ta ɗamewa ta kutsa cikin ilimin harshe ta ƙofar baya. Masu nazarin furuci suna kiran wasalin *sheep* da suna *tense*, na *ship* kuma *lax*, wato sakakke, bisa ganin cewa na farkon ya fi ɗaure naman harshe. Don haka a littafi guda na ilimin harshe kana iya cin karo da *tense* a babin aikatau da *tense* a babin wasula, kuma ba kalma ɗaya ba ce.

## Gardamar da ta rage a can saiwa

Duk abin da aka faɗa a sama ya tsaya ne a Latin, inda *tempus* da *tendere* kalmomi ne mabambanta. Masu tonon asalin harsunan Indiya da Turai sukan wuce nan, kuma a can ra'ayi ya rabu.

Wasu suna danganta *tempus* da wata tsohuwar saiwa mai nufin yanka, wadda ta ba Girkanci *temnein*. A wannan fahimta lokaci yanki ne, kamar yadda ake yanka yini zuwa hantsi da azahar da la'asar. Wasu kuma suna cewa daga saiwar ja da miƙewa take, suna kafa hujja da harshen Lituweniya, inda *tempti* ke nufin a ja. Idan nasu ne daidai, lokaci tsawo ne da aka miƙe, kuma kakannin *tense* biyun sun taɓa kwana ɗaki ɗaya dubban shekaru kafin a san da wani harshe wai shi Turanci.

Masu wannan ra'ayi na biyu suna da wata shaida da suke so. A Latin *tempus* tana da wata ma'ana ta daban: gefen goshi, tsakanin ido da kunne, inda fata ta miƙe a kan ƙashi. Daga nan Turanci ya samo *temple* ta jikin mutum, wurin nan da ɗalibi ke dafewa da yatsu biyu idan ya buɗe takardar tambayoyi ya ga an ce ya mayar da jimla goma zuwa *past perfect*.